Idan Baƙo Ya Sauka A Barnawa, Ina Za A Kai Shi?

Sau da yawa ma'aikacin da aiki ya kawo Kaduna yakan shekara goma a Barnawa bai san ko'ina ba sai hanyar ofis. Ranar da aboki ya zo daga Maradi ko Sakkwato ya ce a zaga gari da shi, ranar ce asirinsa kan tonu.

Alhali kuwa abin gani bai yi nisa ba. Da an haye Kogin Kaduna, ga lambun Gamji, inda aka sake kafa gadar ƙarfen nan da Lugard ya gina a Zungeru a 1904, tun kafin a maido hedkwatar Arewa Kaduna a 1917. Can arewacin gari kuma ga Gidan Arewa, mazaunin Sardauna har ranar da aka kashe shi, 15 ga Janairu, 1966. Daga baya gidan ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello.

To, amma baƙo ba gini kaɗai ya zo kallo ba, labarin wurin zai tambaya. Saboda haka ya kyautu mai masauki ya fara zuwa da kansa, tun ba a yi masa sallama ba.