Dala: kalmar da ta girmi sefa

A bakin tafkin Madarunfa, in mai kifi ta ce maki “ɗari ne”, ba ki tambaya ɗari na mi. Kin san dala ɗari take nufi, wato sefa 500. Amma ko mun taɓa tambayar kanmu ina muka samo wannan kalma, alhali babu ita a jikin ko wane kuɗi da ke hannunmu?

Asalinta daga Turai ne. A wajejen 1520 aka fara buga wani kuɗin azurfa a garin Yowakimstal na ƙasar Bohemiya, mutane suka taƙaita sunansa suka ce “tala”. Daga nan dalar Amurka ta samo suna, daga nan tamu ma ta fito. Wadda ta fi shiga ƙasar Hausa ita ce mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa. Fatake suka ƙetaro da shi hamada, maƙera suna narka shi suna yi wa mata kayan ado. Lokacin da Bature Barth ya shiga Kano a 1851, dala guda tana daidai da wuri 2,500.

Da Faransawa suka zo, sai suka kawo nasu kuɗin azurfa na tamma biyar, mai kama da wancan a girma. Kakanninmu suka laƙaba masa tsohon sunan. An kafa sefa a 1945, an karya darajarta a 1994, amma dala tana nan a tamma biyar. Maƙwabtanmu na Jibiya da Katsina kuwa, sule biyu suke kira dala kafin zuwan naira a 1973.

Jika ma haka take. Da can jakar wuri 20,000 ce, yau dala 200 ce, wato sefa 1,000.

To ƴan uwa ƴan kasuwa, ga inda hattara take. Wayar salula da takardar banki ba su san dala ba, da tamma suke ƙirga. In baƙo ya ce ya aiko maki ɗari biyar, ki tambaye shi: dala ko sefa? Tsakanin 500 da 2,500 akwai ribar yini guda. Mu raba lambar da ke cikin waya gida biyar kafin mu miƙa kaya.