Daga Yamai zuwa Jidda: Nisa da Tsawon Tafiya a Jirgin Sama

A zamanin da, maniyyaci daga ƙasar Hausa yakan bi ta Cadi da Sudan a ƙasa, har ya kai gaɓar Bahar Maliya ya shiga jirgin ruwa. Tafiyar takan ci watanni, wani lokaci ma shekaru. Yau kuwa awoyi ake ƙirgawa. To, yaya ake lissafin waɗannan awoyi?

Abu na farko shi ne nisa. Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 4,000 idan an bi hanya mafi gajarta. Daga Kano kuwa wajen kilomita 3,400 ne, domin Kano ta fi Yamai gabas. Da yake duniya a dunƙule take, ana auna wannan nisa ne a bisa doronta, ba a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira ba.

Na biyu shi ne gudun jirgi. Babban jirgin fasinja, idan ya kai tsayin mita 10,000 ko fiye, yakan yi kimanin kilomita 850 a awa ɗaya. Idan muka raba 4,000 da 850, za mu samu awa 4 da minti 40 da ɗoriya. Sai a ƙara wajen rabin awa, saboda jirgi ba ya cikakken gudu lokacin tashi da sauka. Ke nan tafiyar za ta kai awa 5 da kwata.

Amma wannan lissafin takarda ne, domin akwai iska. A ce jirgi ya fuskanci iska mai gudun kilomita 100 a awa. Gudunsa zai ragu zuwa 750, kuma awa 4 da minti 40 ɗin nan ta koma awa 5 da minti 20. Idan ta baya iskar ta zo, zai yi 950, a samu ragin kusan rabin awa. Shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba.

Sannan akwai hanya. Miƙaƙƙiyar hanyar Jidda ta sararin samaniyar Cadi da Sudan take bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, an rufe sararin ƙasar, sai jiragen alhazai na wannan shekara suka riƙa yin zagaye. Wannan ya ƙara lokaci, ya kuma ƙara kuɗin mai.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi rikita matafiya, shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Nijar da Nijeriya da awa 2, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da aka ambata ne. Jirgin da ya tashi daga Yamai da ƙarfe 10:00 na dare zai sauka Jidda da ƙarfe 5:15 na asuba, sai ka ga kamar awa 7 aka yi. Wanda ya baro Jidda da ƙarfe 10:00 na safe kuwa zai iso Yamai da ƙarfe 1:15 na rana, kamar awa 3 kawai. Don haka mai zuwa taryen ɗan'uwansa ya duba lokacin sauka da ke tikiti, kada ya yi lissafi da agogon garin da aka taso.