Hirar Siyasa a Majalisun Katsina

Majalisa, a birnin Katsina, wuri ne da abokai ke haɗuwa bayan sallar isha'i, a kan benci ko tabarma, galibi kusa da teburin mai shayi. Daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura, a nan ake tattauna labaran da aka ji a rediyo ko aka gani a Facebook.

Rarrabuwar kan da ake ji a waɗannan wurare tana da tarihi. PDP ta mulki jihar daga 1999 zuwa 2015, ƙarƙashin Umaru Musa 'Yar'aduwa da Ibrahim Shema, sannan APC ta karɓa da Aminu Bello Masari. Zaɓen 2023 ya nuna yadda kan jama'a ya rabu: Atiku Abubakar na PDP ya lashe jihar da ɗan ƙaramin rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, amma bayan makonni uku Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya ci kujerar gwamna.

Yanzu tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur ta mamaye hira. Sai dai batun da ya fi zafi shi ne sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari. Wasu na ganin ya bai wa manoma damar komawa gona, wasu kuwa na cewa lada ne ga masu kisa. Wannan muhawara ba ta bin layin jam'iyya, domin kusan kowa yana da ɗan'uwa a ƙauye.