Wa Ya Ba Shi Lambarki?

Maganarmu ta wannan mako a kan baƙon da ke shigo mana har ƙuryar ɗaki ce ba tare da sallama ba.

A ce kina zaune bayan lisha, wayarki ta yi ƙara. Lambar baƙuwa ce, muryar ta namiji, amma sai ki ji ya ambaci sunanki na yanka, sunan da mahaifiyarki ma ba ta faɗa in ke 'yar fari ce. Maigida kuwa yana gefe yana ji. Ko kin rantse ba ki san mutumin ba, tambayar da za ta biyo baya ita ce, to, in ba ki san shi ba, ina ya sami sunanki? Magana irin wannan ta isa ta sa mace yaji alhali ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Da can ba haka abin yake ba. Zamanin NITEL, wadda aka kafa a 1985, akwai littafin lambobin tarho da ake bugawa, amma sunayen ofisoshi da kamfanoni da masu gida ne suka cika shi. A Tiga, garin da ya bunƙasa saboda madatsar ruwan da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a mulkin Gwamna Audu Bako, da ƙauyukan Bebeji da Kiru, mata nawa ne ma suka taɓa riƙe kan tarho? Sai a watan Agusta 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. Yau ga ta a hannun mai suyar kifi a bakin dam, ga ta a jakar 'yar makaranta.

Littafin lambobin kuwa bai mutu ba, ya koma intanet ne. Mafi shahara a wajenmu shi ne Truecaller, manhajar da wani kamfani ya ƙirƙiro a ƙasar Suwidin a 2009. Mutum ya rubuta lamba, sai sunan mai ita ya fito. Tana da amfaninta, don takan tona asirin 'yan damfara kafin a ɗauki kiransu. Amma ku lura da yadda irin wannan kundi yake cika. Masu amfani da shi ne ke zuba sunaye, wasu ta hanyar ba da izni a kwashi sunayen da ke cikin wayarsu, wasu su rubuta sunan mai lamba da hannunsu. Watau ko ƙaramar waya ce da ke, mai tocila, wadda ba ta san intanet ba, lambarki tana iya shiga ta wayar ƙaninki, ko ta telanki, ko ta ɗan acaɓan da ke kai yaranki makaranta. Kuma da sunan da shi ya ajiye ki za ta shiga. In ya rubuta sunanki haɗe da na mijinki da na ƙauyenku, haka baƙo zai iya gani. Mutanen Tudun Wada da Doguwa, da suka sha fama da miyagun da suka riƙa fakewa a dajin Falgore, ba sai an gaya musu haɗarin baƙo ya san matar wane ce ke riƙe da lamba kaza ba.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A watan Satumba 2019 hukumar NITDA ta ba da sanarwar tana binciken Truecaller a kan yadda yake tattara bayanan jama'a. A watan Yuni 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan 'yan ƙasa, wadda ta ba mutum ikon ya nemi a goge bayanansa daga hannun mai riƙe da su. Sai dai doka tana Abuja, waya kuwa tana ƙarƙashin matashinki.

Ni a ganina yawancin ɓarakar daga wajenmu take. Mukan bar waya a rumfar mai caji tun safe har la'asar ba makulli. Mukan rubuta suna da lamba a duk takardar da aka ce ta tallafi ce, ba mu tambayi wa ya aiko ba. A zauren WhatsApp na adashi ko na biki, kowa yana ganin lambar kowa. Ku kuma 'yan makaranta, lambar ƙawarki amana ce. In yayanki ko wani saurayi ya roƙa, ki ce sai kin tambaye ta.

Mai sana'a ba ta iya ɓoye lamba, gaskiya ne, don da ita ake sayen kifi da ƙuli-ƙuli da turaren wuta. To, ta ware layi guda na ciniki, na gida kuma ya tsaya tsakanin dangi. In sabuwar manhaja ta nemi iznin duba sunayen wayarki, musamman ta masu ba da bashi, ki ƙi, domin an sha ganin irinsu suna aika wa dangin mai bashi saƙon tozarci. A shafin Truecaller akwai wurin cire lamba kyauta. Wadda ba ta iya ba, ta sa ɗanta ko ƙanwarta su yi mata a gabanta. Saƙonnin talla kuwa, ki aika kalmar STOP zuwa 2442. Wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko da ya faɗi sunanki daidai har da na kakanki, kada ki karanta masa lambar sirrin da aka turo miki. Ki kashe wayar, ki gaya wa maigida ko iyayenki tun a ranar, ki kuma nuna musu lambar da ta kira.