3.4 Bayanan Kanel Wajen Kai Rahoton Matsala

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke sarrafa na'ura. Wayoyin Android da ke hannun mutanen Sabuwa a kan kanel ɗin Linux suke aiki, wanda Linus Torvalds ya fara fitarwa a shekarar 1991. Idan matsala ta taso, kanel yakan rubuta abin da ya faru a ma'ajiyar wucin gadi. A kwamfuta mai Linux, umarnin dmesg ne ke fito da wannan rubutu. Abin lura a nan shi ne, da zarar an kashe na'ura rubutun yakan goge. Saboda haka akan kwafe shi tukuna, domin cewa "ta ƙi aiki" kawai ba zai nuna wa masu gyaran manhaja inda kuskuren yake ba.