Mai Hoton Ciki: Sana'ar Gani da Sauti

Da hantsi, a ɗakin jira na wani asibitin unguwa a Malali ta Kaduna, mata na jere a benci, kowacce da takardar likita da ledar ruwa. An ce su sha su riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara ce ke buɗa wa na'ura hanyar ganin mahaifa idan ciki yana ƙarami. Mai sikanin suke jira, wanda wasu ke kira mai hoton ciki.

Kayan aikinsa kaɗan ne: gado, allo mai kama da talabijin, man shafawa mai sanyi, da ɗan kan na'ura da yake riƙewa a tafin hannu. Kan nan yana tura sauti cikin jiki, mai karkaɗawa sau miliyan 2 zuwa 18 a daƙiƙa, alhali kunnen mutum ba ya jin abin da ya haura 20,000. Sautin ya bugi tsoka ko ƙashi ya dawo, kamar amsa-kuwwa a bakin rijiya, na'ura ta mai da shi hoto. Da irin wannan baiwa jemage ke tashi cikin duhu. Man kuwa iska yake kora tsakanin fata da na'ura, don iska na tare sautin. Babu hasken eksire a aikin, shi ya sa ake yi wa mai juna biyu hankali kwance.

Wani likitan mata a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, Ian Donald, shi da injiniya Tom Brown suka kafa harsashin aikin, aka wallafa sakamakonsu a 1958. Yau ana koyon fannin a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma akwai hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti da aka kafa a 1987.

Gwanintar tana ga hannu da ido. Abin da baƙo zai gani kamar hazo, shi karanta shi yake yi kamar allo: ruwa baƙi, ƙashi fari, tsakuwar ƙoda ko ta matsarmama fara da inuwa a bayanta. Ya karkata hannu kaɗan, ya danna, ya ce, "Hajiya, ja numfashi ki riƙe." Yakan auna kan ɗan tayi da ƙashin cinyarsa ya faɗi makonnin ciki, ya ƙirga bugun zuciya, wanda kan kasance 110 zuwa 160 a minti. Maza ma abokan hulɗarsa ne: hanta, saifa, maƙoƙo, da ɓarnar tsargiya a mafitsara duk yana dubawa.

Sai dai tambayar da ya fi ji ita ce, "Malam, mace ce ko namiji?" Shi kuwa hankalinsa na wani wuri. Tagwaye ne? Yaro ya juyo da kai ƙasa ko a gicciye yake? Mabiyiya ta toshe bakin mahaifa? Cikin ya zauna a mahaifa ko a wajenta? Amsar waɗannan ce ke sa a tura mace Asibitin Koyarwa na Barau Dikko tun da sauran lokaci, kafin jini ya ɓalle cikin dare. Mai sikanin na kirki ba ya gaggawa ko layi ya yi tsawo, kuma ba ya rubuta magani; rahoto yake rubutawa, ya mai da mai jinya ga likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa kowace mai ciki ta yi hoton sau ɗaya kafin mako 24. Maigida, kada ka jira sai naƙuda. Kai iyalinka awo da wuri, ka tabbatar mai riƙe da na'urar ya yi karatun aikin, sannan a koma wa likita da takardar.