Maciji ba shi da kunne, amma yana jin dakan gidanku

Ka taɓa tsayawa kallon gardawa a kasuwar Ƙaura Namoda ko ta Shinkafi? Ana kiɗa, gamsheƙa ta fasa kai tana rangaji, mutane na cewa rawa take yi. Ba rawa ba ce, malam. Hannun gardin take bi da ido, tana neman inda za ta kare kanta.

Yanzu kuma TikTok ya kawo sabon yayi. Kana zaune a Sakajiki, sai ka ga wani yaro a Amurka ya rataya 'yar ƙaramar mesa a wuya, zuciyarka ta ce kai ma me zai hana. Irin wannan mesar ma daga yankinmu ake kwasarta, musamman Ghana da Togo da Benin. To kafin ka nemo akwati, fara sauraron gidanku.

Gaskiya ne maciji ba shi da kunne a waje. Amma akwai wani siririn ƙashi da ya haɗa muƙamuƙinsa da kunnen ciki. Idan ya kwantar da haɓa a ƙasa, duk wata girgiza tana isa gare shi. A 2012, masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark sun gwada irin wannan mesa, suka ga ƙara mai kauri ta fi ji, ba mai tsini ba. Ke nan kukan jariri bai dame ta kamar dukan taɓarya a turmi ba. Haɗa da janareto, injin markaɗen maƙwabta, da sifikar da kake ƙure wa murya da dare.

A daji, ƙasa ta girgiza sai maciji ya sulale. A akwati ina zai je? Sai ya dunƙule, ya ƙi abinci, wani lokaci ya amayar da wanda ya haɗiya, ko ya riƙa kai sara. A gidan da ƙannenka ke rarrafe, ni dai ban ga ribar wannan kiwo ba.

Inda sanin zai yi maka amfani shi ne gona. Taka ƙasa da ƙarfi, ka riƙa buga sanda, macizai da yawa za su kauce. Kasa kuwa lafewa take yi a inda take, kububuwa ma ba ta cika gudu ba. Don haka lokacin girbi sa dogon takalmin roba, kuma kada ka cusa hannu ƙarƙashin dami sai ka ɗaga shi da sanda.